Gadon Wutar Maman Debby

Duk wanda ya zauna a Kakuri daga bayan yaƙin basasa har zuwa shekarar da sojoji suka koma bariki, da wuya a ce bai taɓa cin burodin da Baba Ishaku ya gasa ba. Sunansa ne dai bai sani ba, don sunan da ke jikin leda na mai gidan burodin ne. Shi Ishaku aikinsa wuta. Shi yake faskare, shi yake jera itacen a cikin tanda, idan wuta ta cinye ya kwashe garwashin ya share tokar, sannan ya ce a sa burodi ko a dakata. Idan ya ce a dakata, ko mai gidan ne tsaye a wurin sai ya dakata.

Ba shi da wani ma'aunin zafi irin na zamani. Hannunsa na dama yake zurawa a bakin tandar har gwiwar hannu, ya kawar da kai gefe ya yi shiru, sannan ya zaro ya ce, "Da saura," ko kuwa, "Ta yi." Shekara ashirin da takwas yana wannan. Hannun ko gashi ɗaya babu a jikinsa, fatar ta yi baƙi ta yi kauri tana ƙyalli. Da yatsu yake ɗaukar garwashi ya kunna wa masu dakon fulawa taba. A duniyar nan ba shi da abin taƙama sai hannun nan, kuma ya yi taƙamar son ransa har sai da ya ishi mutane.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a bayan Zonkwa. Ya zo Kaduna da matarsa Mary da akwatin ƙarfe guda, da niyyar a ɗauke shi a masaƙa kamar yadda aka ɗauki rabin samarin garinsu. Wata biyu yana tsayuwa a ƙofar masaƙa ba a kira sunansa ba. Ran nan yana hanyar komawa gida sai ya ga wani dattijo Ibo, wanda bai daɗe da dawowa daga gabas ba, yana fama da tulin itace, yana sara gatarin yana tsalle. Ishaku ya karɓi gatarin don tausayi kawai. Kafin yamma ya samu aiki. Da dattijon ya rasu, ɗansa Ikechukwu ya gaji gidan burodin, ya gaji tandar, ya gaji Ishaku tare da ita.

Ita kuwa Mary ƙosai take toyawa a bakin titin masaƙa, kuma bakinta ya fi man ƙosan nata zafi. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinsu, idan ta ɗaga murya har masu wucewa a kan titi sukan rage tafiya. Ba ta raga wa mijinta ko kaɗan. Takan ce ɓata baki ne fasto ya yi wa Baban Debby wa'azin wuta, mutumin da ya mai da wuta abokiyar hira. Shi kuma ba ya ramawa, sai dai ya yi ta dariya yana sosa ƙeya. Sun haifi uku, biyu sun koma tun suna ƙanana, Debby kaɗai ta rayu. Da hannunsu suka gina ɗaki biyu a Romi, tun Romi tana daji ana kama gafiya a bayan gida.

Da aka ce mulki ya dawo hannun farar hula, Ishaku yana cikin waɗanda suka yi murna da gaske. An ce masaƙu za su ƙara ma'aikata, ya ce to burodi zai ƙara tafiya ke nan. Shekara ba ta zagayo ba rikici ya ɓarke, gari ya rabe biyu, kogi ya zama iyaka. Masu sarin burodi da ke zuwa daga tsallaken gada suka daina zuwa. Malam Musa, maginin da ke gyara tandar duk shekara, ya kwashe iyalinsa daga unguwar Television ya haye can, ba a sake ganinsa ba. Daga nan jiniyar masaƙu ta fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Gashi uku a rana ya koma ɗaya, ɗayan ma ya koma kwana biyu a mako. Rannan Ikechukwu ya tara su ya ce ya gaji, ya sa kwaɗo a ƙofa.

Ishaku ya dawo gida ya zauna. Ya zama mutumin da ke tashi da asuba ya sa takalmi, sannan ya tuna ba inda za shi. Ana cikin haka, wata safiya Mary tana shanya a tsakar gida sai ta sulale ta faɗi. A asibiti aka ce hawan jini ne, ɓarin jikinta na hagu ya shanye daga kafaɗa har ƙafa. Harshenta ya yi nauyi. Matar da ba a iya tare bakinta ta koma sai ta yi da gaske kafin ta haɗa kalma huɗu.

Shi ya ɗauki jinyarta, kuma ya yi ta da kyau. Ya koyi dama koko ba gudaji, ya koyi ɗaure zani, ya koyi tallafe ta zuwa bayan gida. Abin da ya gagare shi shi ne sanyi. Da damina ta kankama, simintin ɗakin ya riƙa tsattsafo da laima, bango ya yi gumi, katifa ta yi danshi. Ɓarin da ya shanye ya yi sanyi ƙalau, mai lafiyar kuma ƙasusuwansa suka riƙa ciwo. Ya kawo kaskon garwashi, hayaƙi ya sa ta tari. Ya cika kwalabe da ruwan zafi ya jera mata, kafin ya gama wanke kwano sun huce. Safe da yamma yana shafa mata man zafi a baya da ƙugu, duk da haka haƙoranta na haɗuwa.

A ƙarshen watan bakwai Debby ta zo. Nas ce a Kafanchan, can take aure, a babban gidan dangin mijinta. Ta tarar da uwarta a dunƙule cikin bargo biyu da rana tsaka tana rawar ɗari. Ta fito tsakar gida idonta ja.

"Baba, wannan ba zama ba ne. Marka ma ba ta fara ba. Ciwon haƙarƙari ya kama ta a wannan ɗaki, shi ke nan an gama. Ka bar ni in tafi da ita."

"Ina kula da ita," in ji Ishaku.

"Na sani. Amma kulawa ba ta busar da siminti."

Ba mugunta ce ta sa ta faɗa ba, shi ma ya sani. Sai dai ya san abin da tafiyar ke nufi. A wurinsu uba ba ya kwana a gidan auren 'yarsa, abin kunya ne da ko mahaukaci ba ya yi. A ƙauye kuma ɗakin ubansa ya daɗe da rushewa, an shuka citta a wurin. Idan Mary ta tafi Kafanchan, to shi a Romi zai zauna, ita can, sai dai ya je da safe ya gaishe ta kamar baƙo ya dawo kafin duhu. Shekara talatin da 'yan kai ba su taɓa raba ɗaki ba. Ya roƙi 'yarsa kamar yadda bai taɓa roƙon kowa ba. A ƙarshe Debby ta ce za ta dawo bayan mako uku. Idan ta tarar da Mama da ɗumi a jikinta, ta bar ta. Idan ta tarar da ita haka, da mota za ta zo.

Mary ce ta kawo dabarar, ba da niyya ba. Da yamma yana shafa mata mai sai ta ce, a hankali, kalma kalma, "Gadon... Kaka." Ya gane. A ƙauyukansu tsofaffi ba sa kwana a katifa. Gadon ƙasa ake gina musu mai rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi a ramin, gadon ya ɗau ɗumi tsoho ya miƙe ƙafa. Ishaku ya daɗe zaune da kwalbar man a hannu. Ya ce a ransa, idan matan ƙauye da ba su taɓa ganin tanda ba sun iya wannan, shi da ya ƙare rayuwarsa a bakin wuta me zai hana shi?

Washegari ya taka har Kakuri. Ya tarar an cire kwanon rumfar gidan burodin, Ikechukwu yana tsaye da lema yana nuna wa wasu mutane wuri. Ya ba da hayar filin, coci za a yi. A shekarun nan duk abin da aka rufe a Kakuri coci yake komawa, daga sito har gidan giya. Tandar tana nan a tsakiya ruwa yana dukanta, ciyawa ta tsiro a kanta.

"Oga, tubalin ƙasan tandar nan nake so, da ƙofar ƙarfen," in ji Ishaku bayan sun gaisa.

"Haba Baba, me za ka yi da su? Kar ka ce mini burodi za ka fara a Romi, mu da muka gudu."

Ishaku ya gaya masa. Ikechukwu haifaffen Kakuri ne, ƙosan Mary ya ci ya girma. Ya juya baya ya daɗe yana gyaran lemar da ba abin da ya same ta.

"Abeg, don Allah kwashe duka," in ji Ikechukwu. "Jibi za a rushe ta. Gara ta ɗumama Mama da a cike rami da ita."

Da hannunsa Ishaku ya fasa tandar da ya yi shekara ashirin da takwas yana ciyarwa. Bai bari kowa ya sa mata guduma ba. Ya riƙa zare jajayen tubalan ɗaya ɗaya yana kakkaɓewa, waɗanda ya san inda kowannensu yake tun kafin a haifi Debby. Ranar ya yi kuka, amma ruwa ake yi, ba wanda ya lura. Sawu bakwai ya yi da baro tsakanin Kakuri da Romi cikin kwana uku, mutum mai shekara sittin da ɗoriya, taɓo har ƙauri.

Ya mai da Mary ɗaya ɗakin ya fara gini. Maƙwabta suka yi ta leƙe. Wani ya ce hayaƙi zai kashe su a ɗaki mai silin, ba irin ɗakin ciyawa na ƙauye ba ne da hayaƙi ke bi ta jinka ya fice. Ishaku ya riga shi tunani. Ya fasa bango ta waje ya sa bakin wutar a can, ya kafa ƙofar ƙarfen a kai, ya fitar da bututun hayaƙi ta bayan gida. A cikin ɗaki ba abin da za a gani sai dakali mai tsawon mutum, sumul, ko ƙwayar hayaƙi ba ta shiga.

A wajen cikin dakalin ne ya yi abin da ya iya. Gadon ƙauye ƙasa ce zalla, tana ɗaukar ɗumi kaɗan ta sake shi da wuri. Shi kuwa ya ga yadda Malam Musa ke shimfiɗa ƙasan tanda sau ba adadi: a zuba fasassun kwalabe, a bi da gishiri buhu guda, a rufe da yashi, sannan a jera tubali. Wannan shi ke sa tanda ta riƙe zafi kwana da yini ba ta huce ba. Haka ya yi, bai tsallake ko ɗaya ba, har ya ƙara gishirin don kada matarsa ta farka cikin sanyi. Da Malam Musa yana nan da ya gaya masa cewa waccan shimfiɗar don burodi ake yin ta. Amma Malam Musa yana tsallaken gada, kuma a lokacin ba a haye gada don tambayar gini.

Kullum idan ya gaji yakan shigo wurin Mary da laka a jiki ya zauna yana ba ta labarin inda aka kai. Fuskarsa ta dawo irin ta dā, har da 'yar waƙa a baki, shi da muryarsa ba ta da daɗin ji. Ranar da ya shafe saman dakalin ya ce da ita, "Maman Debby, iyakar abin da na iya ke nan a duniya. Idan wannan bai yi miki ba, kar ki ɓoye mini. Na haƙura, ni da kaina zan ɗauke ki in sa a motar Debby." Ya faɗa ne don ta san ba zai riƙe ta a wahala saboda son kansa ba. Ita kuwa ta dube shi, ta adana maganar.

Saura kwana biyar Debby ta zo ginin ya bushe. Marka ta riga ta sauka, ruwa ba dare ba rana, siriri mai naci. Da hantsi ya hura wuta da itacen kirya, ya bari ta cinye, ya rufe ƙofar ƙarfen. Da azahar ya shiga ɗaki ya kwantar da hannunsa na dama a kan dakalin, ya kawar da kai gefe ya yi shiru.

"Ta yi," ya ce. "Ɗumi ne kawai mai daɗi."

Ya shimfiɗa tabarma da zani ɗaya, don katifa za ta tare ɗumin. Ya ɗauko Mary ya kwantar. Ba a jima ba rawar ɗarin ta tsaya. Ya ga gumi ya tsattsafo mata a goshi, ya ga ta yunƙura da hannunta mai lafiya ta juya ta kwanta a ɓarin hagu, ta fuskanci bango. Ya tambaye ta yaya ta ji. Ta ce, "Da daɗi." Ishaku ya fita tsakar gida cikin ruwa ya ɗaga hannu sama ya gode wa Allah da ƙarfi, har maƙwabta suka fito.

Kwana biyar ɗin nan su ne mafi daɗi da ya yi tun da aka rufe gidan burodi. Ya sake zama mutum mai aiki. Ya tashi ya yi faskare, ya hura wuta, ya gwada da hannu, ya ƙara itace biyu saboda ruwa ya ƙaru. Mary ta daina tari, tana shan kokonta tas. Da ya kawo man zafi ta girgiza kai ta ce ba ta bukata, gadon ya isa. Da ya kawo ruwan wanka ta ce ya bari sai Debby ta zo, ta goge fuska da wuya da kanta, ta riƙe bakin zaninta gam. Duk wannan shi nasara ya ɗauke shi. Matan zumunta suka zo dubiya, suka ce ɗakin kamar ba damina ba. Ɗayarsu ta taɓa gefen dakalin ta janye hannu ta ce, "Baba, wannan bai yi yawa ba?" Ya yi dariya ya nuna mata hannunsa ya ce ta bar wa masu wuta maganar wuta.

Ranar Asabar da hantsi Debby ta iso. Ta zo da motar haya kamar yadda ta ce, ta bar direba a bakin hanya saboda taɓo. Tana shiga ɗakin ta tsaya turus. Ga ɗumi, ga uwarta da haske a fuska, ba bargo ko ɗaya. Ishaku yana bayanta yana murmushi kamar ɗan makarantar da ya ci jarrabawa. Debby ta yi dariya, hawaye na zubo mata, ta ce, "Baba, ka ci gari. Bari in yi mata wanka in sallami direban nan."

Yana tsakar gida yana tara itace ya ji ta ƙwala kira. Ba Baba ta ce ba, Yesu ta kira.

Ya shiga da gudu. Daga kafaɗar hagu har ƙugu har gefen cinya fatar Mary ta yi jawur, ta yi bororo manya manya, wasu sun fashe zani ya manne a kai. A ƙashin ƙugu wurin ya yi fari fat, ya nutsa ciki. Debby ta ɗora tafin hannunta a kan dakalin, ba ta kai ƙirga biyar ba ta fizge.

"Baba, taɓa ka ji! Taɓa!"

Ya taɓa da hannun dama. Ɗumi ya ji, mai daɗi, kamar kullum. Sai ta kama hannun nasa ta ja shi ƙasa, ta manna kumatunsa a kan tabarmar. Ya zabura ya ɗago. A nan ne Ishaku ya san cewa hannun da yake taƙama da shi ya daɗe da daina jin abin da jikin mutane ke ji. Zafin da ke gasa burodi kaɗai ya sani.

Debby ba ta yi masa faɗa ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta buɗe jakarta ta wanke ciwon ta rufe, ta fita kiran direba ya matso da mota ko ta halin ƙaƙa. Aka bar su su biyu. Mary tana kwance a tsohuwar katifa a ɓarinta na dama. Ya durƙusa a gabanta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ba ki ji ba, ko?" ya ce. "Wurin ba ya ji. Ni ne ya kamata in duba."

Ta daɗe tana kokawa da harshenta.

"Na ji," ta ce. "Ranar farko. Nan ya ji." Ta dafa ɓarinta mai lafiya. "Shi ya sa... na juya."

"Maman Debby! Me ya hana ki gaya mini? Ai rage wuta kawai zan yi!"

"Ka ce... in bai yi ba... mota."

Ya sunkuyar da kai.

"Na ɗauka," ta ce, "ɓarin da ya mutu... wuta ba ta cin sa."

Baƙin cikin da ya shige shi a lokacin bai taɓa fita ba har ƙarshen ransa. Shi ya ƙona ta don kada a raba su, ita kuma ta kwanta ta ƙone don kada a raba su, ga mota tana ƙugi a ƙofar gida. Shi ya ɗauke ta ya sa a kujerar baya kamar yadda ya yi alkawari. Debby ta riƙa ce masa ya bi a hankali, kada ya taɓa wurin.

Wata bakwai Mary ta yi a Kafanchan. Duk wata Ishaku yakan shiga motar farko daga Television, ya isa da hantsi, ya gaisa da surukai a zaure, a kai shi ɗakin da take. Yakan zauna a kujera nesa da gadon, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Ya ba ta labarin Romi, wanda ya haihu da wanda ya tashi, ita kuma ta yi ta kallonsa. Kafin la'asar ya miƙe ya ce zai kama hanya. Wajen Kirsimeti ciwon ya warke, Debby ta ɗaga zani ta nuna masa tabon, ya ce an gode Allah. Damina ta wuce, sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ba sauran abin da zai hana ta zama a Romi. Sau da yawa maganar takan zo masa har baki a cikin mota, ya shirya ta tsaf, amma da ya shiga ɗakin ya ga tabon a ransa sai ya haɗiye. Yana ganin mutumin da ya yi abin da ya yi ba shi da bakin cewa a ba shi ita.

Ana saura mako biyu Ista ta rasu, ranar Talata da rana. Shi yana Romi, sai washegari saƙo ya same shi. Aka kai ta ƙauyensu aka binne a gefen gonar citta, matan zumunta suka cika mota biyu daga Kaduna suka yi mata waƙoƙin da ita ta koya musu.

Bayan an watse Debby ta kawo masa wani ƙunshi a ɗaure da ɗankwali. Ya gane shi, yakan gan shi a ƙarshen gadonta duk zuwan da ya yi, ya ɗauka kayan wanki ne.

"Kayanta ne," in ji Debby. "Tun da ciwon ya warke, duk ranar da za ka zo sai ta sa ni in ɗaure mata su tun da safe. Idan ka tafi in kwance."

Ishaku ya dube ta.

"Na ce mata ta faɗa maka, ta ce ita ta ja maka kunya a gaban 'yarka, sai dai kai ka nema. Ni kuma da na ga ba ka ce komai ba, na ɗauka ka gaji ne, Baba. Da ka tambaya ko sau ɗaya, da na sa ku a mota tare."

Ya karɓi ƙunshin. Ba nauyi, zannuwa uku ne da rigar sanyi da littafin waƙoƙi. Ya rungume shi a ƙirji ya nufi bakin hanya, inda motar Kaduna ke jiran mutum ɗaya ta cika.